Burauzar Cikin Wasa, Mayafin Steam ko Burauzar Waje: Wanne Ya Kamata a Dogara da Shi?

A shekarar 2016 kamfanin CCP Games da ke birnin Reykjavik ya cire burauzar da ke cikin wasansa na EVE Online, bayan da 'yan wasa suka shafe shekaru masu yawa suna buɗe shafukan intanet da ita ba tare da sun fita daga wasan ba. Mutane da yawa sun ji zafin wannan mataki, kuma suna da hujja, domin ba kayan ado aka ɗauke musu ba, kayan aiki ne. Sai dai shi ma kamfanin yana da tasa hujjar, kuma a tsakanin hujjojin nan biyu ne zaɓin da ke gaban kowane ɗan wasa da kowane mai ƙirƙirar wasa yake: a gina burauza a cikin wasan, ko a bar wa dandalin da wasan ke gudana a kansa ya samar da ita, ko kuwa a tura mutum zuwa burauzarsa ta yau da kullum.

Ya kamata a fara da amfanin, domin wanda bai taɓa yin irin waɗannan wasanni ba zai yi mamakin abin da ya haɗa wasa da burauza. EVE Online, wanda ya fito a 2003, duniya ce ta jiragen sararin samaniya mai tsarin taurari fiye da 7,000, kuma kasuwarta da yaƙe-yaƙenta da siyasarta duk 'yan wasa ne ke tafiyar da su. Mai fataucin kaya zuwa Jita, babbar kasuwar wasan, yana buƙatar sanin farashi a wasu yankuna, da hanyar da 'yan fashi ba su tare ba, da irin jirgin da aka harbo a mashigar da zai bi cikin sa'a guda da ta wuce. Yawancin wannan bayani yana kan shafukan da 'yan wasan suka gina da kansu, irin su taswirar Dotlan. A wasan da jirgin da mutum ya yi watanni yana tara kuɗinsa zai iya tarwatsewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma idan ya tarwatse ya tafi ke nan, ɗauke ido daga allon wasa don duba wata taga ba ƙaramin haɗari ba ne.

Amma ba hana ɗauke ido kaɗai ne ya ba burauzar EVE daraja ba. Abin da ya bambanta ta shi ne ta san wasan. Idan ɗan wasa ya amince da wani shafi, burauzar kan sanar da shafin sunan ɗan wasan, da ƙungiyarsa, da tauraron da yake, da jirgin da yake tuƙawa. Shi kuma shafin yana iya buɗe tagar kasuwa ko ya saita wa jirgi hanya. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan su ne mazauna yankunan ramukan sararin samaniya da aka ƙara a wasan a watan Maris na 2009, inda hanyoyi ke buɗewa su rufe ba tare da tsayayyar taswira ba. Sun gina shafuka irin su Siggy da Tripwire waɗanda ke zana taswira da kansu yayin da 'yan ƙungiya ke ratsawa daga wannan rami zuwa wancan, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya gano nan take. Babu wata burauzar waje a wancan lokaci da za ta iya yin haka, domin ba ta san inda jirginka yake ba.

To me ya sa aka cire ta? Amsar tana cikin yadda ake gina irin wannan burauza. Kusan babu kamfanin wasa da ke rubuta injin burauza daga tushe, domin aiki ne da manyan kamfanoni ƙalilan kawai ke iya ɗauka. Abin da ake yi shi ne a ɗauko injin da wasu suka gina, galibi Chromium wanda Chrome da Edge da Opera ke tafiya a kansa, a naɗe shi da wata manhajar tsakani, a dasa a cikin wasa. CCP ya yi haka a watan Disamba na 2009, lokacin da ya sake gina burauzarsa a kan Chromium ta hanyar wata manhajar tsakani mai suna Awesomium. A ranar da aka sake ta sabuwa ce fil. Amma intanet bai tsaya jiranta ba. Daga 2010 Google ya riƙa fitar da sabon Chrome kusan duk mako 6, kuma daga 2021 ya rage tazarar zuwa mako 4, ban da ƙananan faci na gaggawa da ke zuwa a tsakani. Ita kuwa burauzar da aka dasa a wasa tana nan a sigar da aka dasa ta, har sai wani injiniya ya bar aikin wasan ya zo ya tono ta ya sauya, ya gwada ta da duk abin da ke jingine da ita, sannan a tura wa kowa. Idan kuma manhajar tsakanin ta daina samun kulawa daga masu ita, kamar yadda ya faru da Awesomium, to sauyin ya tashi daga gyara ya koma sabon gini.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya kamata kowa ya riƙe kafin ya zaɓa: burauza ba kaya ba ce da ake saya a ajiye, dabba ce da ake kiwo. Kuɗin sayen doki ba shi ne tsadar doki ba, harawarsa ce ta kullum. Kuma tsufan burauza ya bambanta da tsufan sauran sassan wasa. Idan hotunan wasa suka tsufa, muni kawai za su yi. Idan burauza ta tsufa, abu biyu ne ke faruwa a lokaci ɗaya: shafuka su fara ƙin buɗewa daidai, sannan kowace ɓaraka da aka gano aka toshe a Chrome ta zama sananniyar ƙofa a buɗe a cikinta. Na biyun ne ya fi tayar da hankali, domin da zarar an fitar da faci, masu kutse kan nazarce shi su gane inda raunin yake, su juya kan duk wanda bai sabunta ba. A watan Satumba na 2023 an gano ɓaraka a manhajar da ke karanta hotunan WebP, wadda ta sa hoto ɗaya tak da aka shirya da mugun nufi zai iya zama hanyar kutse. Chrome da Firefox sun toshe ta cikin kwanaki, amma kowace manhaja da ke ɗauke da nata kwafin Chromium sai da ta jira masu ita su yi nasu gyaran. A cikin wasan da dubban baƙin juna ke aika wa juna adireshin shafuka a zauren hira, kuma yaudara na daga cikin abin da dokar wasan ta halatta, kamar EVE, irin wannan ƙofa ba abar wasa ba ce.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni ne kawai ke faɗawa wannan rami. Manhajar shiga wasan League of Legends ta kamfanin Riot Games an gina ta ne a kan CEF, wato tsarin da aka fi amfani da shi yau wajen dasa Chromium a cikin wasu manhajoji. A 2021 ne kamfanin ya ɗaga ta daga siga ta 74 zuwa ta 91, ma'ana ta yi kusan shekara 2 a baya, kuma ya bayyana wannan sauyi a matsayin babban aiki da ya ci watanni. Idan kamfani mai dubban ma'aikata ya sha wannan wahala, ƙaramar tawaga ta mutum biyar ko goma ta yi wa kanta lissafi tun kafin ta fara.

A nan akwai bambancin da sau da yawa ake tsallakewa, kuma shi ne ke warware rabin gardamar. Burauzar cikin wasa iri biyu ce. Akwai buɗaɗɗiya, mai gurbin rubuta adireshi, wadda za ta je duk inda aka tura ta, irin ta EVE. Akwai kuma rufaffiya, wadda ba ta nuna komai sai shafukan kamfanin da ya yi wasan, har ɗan wasa ba ya ma sanin cewa burauza yake kallo. Wasan Guild Wars 2 na kamfanin ArenaNet, wanda ya fito a 2012, misali ne mai kyau domin ya raba aikin gida biyu. Kasuwarsa ta cikin wasa shafin intanet ce a rufe, kuma injin da ke ƙarƙashinta an sauya shi fiye da sau ɗaya, daga Awesomium zuwa Coherent, sannan zuwa CEF a 2023. Amma idan ɗan wasa ya rubuta umarnin neman bayani a kundin wasan, ba a buɗe masa shafin a ciki, ana miƙa shi ga burauzarsa ta waje. Rufaffiyar tana ba kamfani damar sauya farashi da tallan kaya ba tare da ya tilasta wa kowa sauke sabon faci ba, kuma haɗarinta ya ragu ƙwarai tunda baƙon shafi ba ya shiga. Duk da haka ba kyauta ba ce, kamar yadda sauye-sauyen injin suka nuna, sai dai nauyi ne da ake iya ɗauka.

Akwai wurin da buɗaɗɗiyar burauza ba ta da madadi, kuma adalci ne a faɗe shi. A Second Life na kamfanin Linden Lab, tun daga 2010 ana iya manna shafin intanet a jikin bango ko allo a cikin duniyar wasan, mutane su taru su kalla tare, ko malami ya koyar da shi. A Garry's Mod 'yan wasa sun gina gidajen kallo inda ake zama a kujeru ana kallon bidiyo tare. A irin wannan yanayi shafin wani ɓangare ne na ginin duniyar, kuma tura mutum waje daidai yake da rushe abin da aka zo yi. Waɗannan wasanni sun biya farashin: Second Life ya sauya injinsa daga na Mozilla zuwa WebKit zuwa CEF, su kuma gidajen kallon Garry's Mod sun sha lalacewa yayin da shafukan bidiyo suka daina aiki da tsohon Awesomium. Akwai kuma wani farashi na sirri, domin duk shafin da kwamfutarka ta buɗe yana ganin adireshinta na intanet, kuma a Second Life an taɓa samun masu amfani da wannan hanya don gano cewa asusu biyu na mutum ɗaya ne. Haka ma saƙon maraba da sabobin wasannin Counter-Strike da Team Fortress 2, wato kwamfutocin da 'yan wasa ke haɗuwa a kansu, ke nunawa a matsayin shafin intanet ya rikiɗe a wurare da yawa ya zama allon talla mai cin data da ƙarfin na'ura, har 'yan wasa suka riƙa kashe shi.

Zaɓi na biyu shi ne abin da zan kira mayafi, wato allon da dandali ke yafawa a kan wasa. Sanannensa shi ne na Steam, shagon wasannin kwamfuta na kamfanin Valve, wanda ake kira da maɓallan Shift da Tab, kuma yana ɗauke da burauza da za ta yi aiki a kan kusan kowane wasa da aka buɗe ta dandalin. Hikimar wannan tsari a fili take: maimakon kamfanoni dubu su yi kiwon burauza dubu, kamfanin Valve ne kaɗai ke kiwon guda ɗaya. Daga watan Yuni na 2023 ma ana iya maƙale taga a gefen allo, a rage mata duhu, ta zauna a kan wasan yayin da ake ci gaba da bugawa, wanda ya biya babbar buƙatar mai bin jagora ko taswira. Microsoft shi ma ya shigo da nasa mai suna Edge Game Assist, wanda ya fara gwajinsa a ƙarshen 2024, kuma fifikonsa shi ne yana amfani da injin Edge ɗin da ke kan kwamfutar tare da bayanan mai ita.

Raunin mayafi guda uku ne a ganina, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne bai san wasan ba, ba zai gaya wa shafi inda jirginka yake ba. Na biyu shi ne nauyi: Chromium kan buɗe ayyuka da dama a bayan fage, waɗanda mai amfani da Steam zai gani da sunan steamwebhelper, kuma a kwamfutar da RAM ɗinta bai wuce gigabait 4 ko 8 ba, kowane shafi da aka buɗe daga bakin wasan ake ƙwatar abincinsa. Na uku kuwa shi ne wanda ba a cika hangowa ba. Duk manhajar da ta jingina da Chromium ta ɗaura ƙafarta da shawarar Google. Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8.1, kuma daga ranar 1 ga Janairu, 2024, Steam ya daina tallafa wa waɗannan tsare-tsare, inda Valve ya ambaci dasasshen Chrome a matsayin dalili. Wasan da mutum ya saya shekaru goma da suka wuce yana iya gudana lafiya a kan tsohuwar kwamfutarsa, amma burauzar da ke cikin shagon ta yanke hukuncin cewa zamanin kwamfutar ya wuce. Ga wanda kwamfutarsa tsohuwa ce da ya saya a hannu, kamar yadda take a wurin da yawa daga cikinmu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Zaɓi na uku shi ne wanda CCP ya koma: a bar burauza a waje, a buɗe wa shafuka wata ƙofar bayanai ta hukuma. Ɗan wasa zai shiga ta shafin kamfanin na gaskiya, ya ga jerin abin da shafin waje ke neman izini a kai, kamar sanin wurin da yake ko saita masa hanya, ya amince ko ya ƙi, kuma yana iya janye izinin duk lokacin da ya so. CCP ya fara da tsarin CREST, sannan ya maye gurbinsa da ESI, ya rufe tsofaffin hanyoyin a watan Mayu na 2018. Masu zana taswirar ramuka sun sake gina kayansu a kan wannan ƙofa, kuma aikin ya ci gaba. Abin da aka rasa shi ne zama a taga ɗaya. Abin da aka samu kuwa ya fi yawa: burauzar da ke sabunta kanta, mai toshe talla, mai ajiye kalmar sirri, kuma shafin da za a iya buɗewa a allo na biyu ko a waya. Wayar nan ma ita ce ta fi kowa kashe kasuwar burauzar cikin wasa, domin a 2003 ba kowa ke da allo na biyu ba, yau kuwa yana cikin aljihun kowa, kuma ba ya taɓa RAM ɗin kwamfuta. Wanda wannan sauyi ya fi cutarwa shi ne mai ƙaramin allo guda ɗaya, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Maganinsa mafi kusa shi ne ya saita wasan a yanayin taga mara iyaka, yadda Alt da Tab za su kai shi waje su dawo da shi ba tare da allon ya yi baƙi ba.

Masu wasa a waya, waɗanda su ne mafi yawa, lissafinsu ya ɗan bambanta. Shafukan gasa da na kyaututtuka da wasannin waya ke buɗewa galibi suna amfani da injin da ke cikin wayar ne, kuma a Android tun daga siga ta 5.0 ta 2014 ana sabunta wannan inji, Android System WebView, ta Play Store. Saboda haka nauyin kiwon ya sauka daga kan mai wasan, amma ya hau kan mai wayar: wanda ya kashe sabuntawa don tattalin data, ya bar wannan manhaja ta tsufa, ya mayar da kansa halin da burauzar EVE ta shiga. Idan za a zaɓi abu biyu kacal da za a sabunta a wata, su zama ita da Chrome.

Akwai ƙa'ida guda da ta ratsa duka zaɓuɓɓukan, ita ce ta kalmar sirri da kuɗi. Tagar da aka dasa a cikin wata manhaja sau da yawa ba ta nuna cikakken adireshi, kuma manhajar da ta dasa ta tana da ikon ganin abin da ake rubutawa a ciki. Wannan ne ya sa a 2019 Google ya sanar da hana shiga asusunsa ta dasassun burauzoji irin CEF, domin ba ya iya bambanta na gaskiya da na masu damfara. Shafin da ya yi alkawarin lu'ulu'u ko kuɗin wasa kyauta, sannan ya nemi a shiga da asusun Facebook ko Google ko Steam a cikin wata taga da ba a ganin adireshinta, a rufe shi kawai. Manhajar ajiye kalmar sirri da ke burauzar waje tana da wata fa'ida a nan da ba a cika lura da ita ba: ba za ta cika kalmar a shafin da adireshinsa bai dace ba, kuma ƙin cikawar nan gargaɗi ne da ido kan rasa.

Ga ɗan wasa, to, rabon aikin da nake ba da shawara shi ne wannan. Karatu da kallo, kamar jagora da taswira da jadawalin kaya, a yi su a mayafin dandali idan kwamfutar na da ƙarfi, ko a waya idan ba ta da shi. Duk abin da ya shafi shiga asusu, biyan kuɗi ko sauke fayil a kai shi burauzar waje, a rubuta adireshin da hannu. Buɗaɗɗiyar burauzar da ke cikin tsohon wasa kuwa, wadda ba a san yaushe rabonta da sabuntawa ba, kada a buɗe adireshin da baƙo ya turo da ita, kuma idan shafukan zamani sun fara ƙin buɗewa a cikinta, wannan alama ce cewa ta tsufa ta ɓangaren tsaro ma.

Ga mai ƙirƙirar wasa kuma, tambayar da zan so ya amsa kafin ya rubuta layi ɗaya ita ce: wane ne a cikin tawagar zai ɗauki alhakin sabunta injin nan duk wata, har tsawon rayuwar wasan, ko da a watan da ake fafutukar fitar da sabon babi? Idan akwai sunan mutum da kasafin kuɗi a amsar, kuma shafin intanet wani ɓangare ne na duniyar wasan kamar a Second Life, a gina buɗaɗɗiya. Idan shago da sanarwa kawai ake buƙata, a gina rufaffiya mai jerin adireshin da aka yarda da su, kuma a fifita injin da tsarin na'ura ke sabuntawa da kansa, kamar WebView2 a Windows ko WebView a Android, a kan ɗaukar kwafin Chromium a ka. Idan kuwa abin da ake so shi ne 'yan wasa su gina taswira da ƙididdiga da kayan ƙungiya, kuɗin da za a kashe kan burauza a zuba shi wajen gina ƙofar bayanai mai izini, a rubuta bayaninta dalla-dalla, a kuma sanar da masu gina shafukan watanni kafin a sauya wani abu a cikinta, kamar yadda CCP ya ba su wa'adi kafin ya rufe tasa burauzar.